Amsar Tambayarka Kan Dungeons & Dragons

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kamar yadda muke nan lafiya. Wasiƙarka ta iso ni tun makon jiya, na yi ta jan ƙafa ne saboda tambayarka ba ta amsuwa a layi biyu. Ka ce yara sun isa zama a tebur, kana so ka fara musu Dungeons & Dragons, wasan nan na labari da dayis inda kowa ke riƙe da jarumi ɗaya, alƙalin wasa kuma yana ba da labarin, amma da ka duba sai ka tarar da bugu iri-iri har kanka ya ɗaure. To bari in faɗa maka ra'ayina tun daga farko, kafin surutu ya ɗauke ni: ka nemi ƙaramin littafin nan na 1981, wanda Tom Moldvay ya tsara. Shafi 64 ne kacal. Na san za ka ce tsufa ne ya fara kama ni, amma ka saurari dalilina.

Ranar Asabar na gwada shi da sababbin 'yan wasa huɗu, dukkansu da bugu na biyar suka saba. Sun zo bakin wata ƙofa a ƙarƙashin ƙasa, sai wadda jaruminta ɓarawo ne ta ɗauki dayis mai fuska ashirin tana jujjuya shi a tafin hannu, ta ce wace lamba ake nema. Na ce mata ta ajiye dayis tukuna, ta gaya mini me take yi da hannunta. Ta yi shiru kamar na yi mata wani yare. Can ta duba takardarta ta ga ta sayi sanda mai tsawon ƙafa goma, wadda tun farko ta yi wa dariya. Ta ce za ta riƙa ƙwanƙwasa daɓen da ita, dutse bayan dutse. A na uku na ce mata ƙarar ta canza, ƙasansa rami ne. Ka ga yadda fuskarta ta haskaka kuwa? Ba a jefa komai ba, ita ce ta gano tarkon da kanta. Daga nan dayis ya koma gefen tebur, sai lokacin faɗa ake waiwayarsa.

Matsafin cikinsu kuma makin ransa uku ne, tsafinsa ɗaya tal a yini. Ya sa maƙiya barci da shi a ɗakin farko, ya koma riƙe fitila yana gunaguni. Amma da suka ci karo da masu gadin da suka fi ƙarfinsu, shi ne ya tsaya ya yi ciniki da su har suka ba da hanya. Akwai abin da ke jawo haka a cikin ƙa'idar kanta. A tsofaffin bugu, kowane tsabar zinariya da ka fito da ita daga kogo maki ɗaya ce ta ƙwarewa, abin da ake samu wajen kashe dodo kuma bai taka kara ya karya ba. Saboda haka mai wayo yakan lallaɓa ya kwashi dukiya ya bar dodo yana minshari. Da aka mayar da yawancin makin kan kisa a bugun da suka biyo baya, sai kowa ya koma zare takobi kafin ya yi sallama.

Ba na cewa tsohon tsarin ba shi da aibi. Kai ne shaida, tunda kai ka fi kowa shan wahalar THAC0, wato lambar da kake nema a dayis don ka sami abokin gaba mai lambar sulke sifili, lokacin da muke kan bugu na biyu, na 1989. Ka tuna? Lambar sulke tana raguwa ne idan sulken ya yi kyau: mai riga kawai yana 10, mai sulken ƙarfe da garkuwa yana 2. Idan THAC0 ɗinka 18 ne, abokin gaba kuma yana 5, ka cire biyar, kana neman 13 ko sama. Har nan lafiya lau. Amma da zarar lambar ta gangara ƙasa da sifili, sai ka fara ƙirga da yatsu, ka fito da amsar da a kullum take yi maka daɗi. Har yau ban yarda kuskure ne duka ba. Bugu na uku da ya fito a 2000 ya gyara wannan: ka jefa, ka ƙara makinka, idan ka kai lambar sulken abokin gaba ka same shi. Bugu na biyar na 2014 kuma ya zo da dabarar da nake sata har a tsohon wasa, wato idan yanayi ya taimake ka ka jefa dayis biyu ka ɗauki babba, idan ya juya maka baya ka ɗauki ƙarami. Matsalata da shi ita ce littafin ɗan wasa kaɗai ya haura shafi 300, kuma yaro yakan ɗauka abin da ba a rubuta a takardarsa ba, ba zai iya yi ba.

Ka tambaye ni kuma me ya sa bugun suka yi yawa haka. Asalin abin a 1974 ne, Gary Gygax da Dave Arneson suka ƙirƙiro shi, 'yan littattafai uku a cikin akwati, kamfanin TSR ya buga a Lake Geneva ta jihar Wisconsin a Amurka. Kwafi dubu aka fara bugawa. An rubuta su ne don mutanen da suka riga suka saba da wasan yaƙi na ƙananan sojoji a kan tebur, shi ya sa suke cike da giɓi, kowane alƙalin wasa yana cike nasa yadda ya ga dama. Ko ɓarawo babu a ciki, sai a ƙarin da aka fitar a 1975. Daga 1977 hanya ta rabu biyu, ga mai sauƙi na masu farawa, ga Advanced na Gygax mai manyan littattafai uku da suka kammala fita a 1979. Rikicin kuɗin haƙƙi tsakaninsa da Arneson ma ya kai kotu a shekarar. Sauran labarin na saye da sayarwa ne: Wizards of the Coast ta sayi TSR a 1997, Hasbro ta sayi Wizards a 1999. Bugu na huɗu na 2008 ban daɗe a kansa ba, ji na yi kamar ina dara. Mutane da yawa a lokacin suka koma wani wasa makamancinsa mai suna Pathfinder.

Abin da ya fi ɗauke mini hankali kwanan nan shi ne mujallu. Na zazzage kwalin nan da ka sani, na shafe dare biyu ina karanta tsofaffin fitowar Dragon. Ta fara fita a 1976, bayan wata 'yar ƙaramar takarda mai suna The Strategic Review, aka ci gaba da buga ta har 2007, fitowa ta 359 ce ta ƙarshe a takarda. Ƙanwarta Dungeon, wadda ta fara a 1986, tare suka tsaya. Da na sake karantawa sai na lura littafin ƙa'ida kamar tsarin mulki yake, ainihin shari'ar a mujalla ake yin ta. Ga filin Sage Advice, inda mutane ke aiko da tambayoyi irin waɗanda muke kwana muna musu a kansu, ga wasiƙun masu karatu, wannan ya ce an zalunci matsafa, bayan wata biyu wancan ya mayar masa da martani mai zafi. Musu ne mai tafiyar hawainiya, amma kowa yana da wata guda na tunani kafin ya buɗe baki, kuma hakan yana nunawa a rubutun.

Kuma ƙofar a buɗe take ga kowa. Ed Greenwood, mutumin Kanada, ta shafukan Dragon ya riƙa gutsuro labarin duniyar da ya ƙirƙira tun yana yaro, har TSR ta saye ta ta fitar da Forgotten Realms a akwati a 1987. A Ingila kuma mujallar White Dwarf ta kamfanin Games Workshop, wadda ta fara a 1977, tana da filin da masu karatu ke aiko da dodannin da suka ƙago. Da yawa daga cikinsu aka tattara a littafin dodanni na Fiend Folio a 1981. Wasu shirme ne tsantsa, na yarda, amma sanannun dodannin nan githyanki daga nan suka fito, kuma wanda ya aiko da su, Charles Stross, matashi ne a lokacin, daga baya ya zama sanannen marubuci. Ka gaya wa babban ɗanka wannan, tunda ka ce ya cika littafin makarantarsa da zanen dodanni.

Idan za ka bi shawarata, ga abu biyu. Littafin Moldvay yana tsayawa ne a mataki na uku, don haka kana da watanni kafin ka buƙaci na gaba. A akwatinsa akwai labarin The Keep on the Borderlands, da shi za ka fara, amma ka gargaɗe su cewa jaruman farko suna mutuwa kamar ƙudaje. Ka sa kowa ya shirya biyu. Ƙaramar kuma, idan nata ya mutu ta fara hawaye, ka ce suma ya yi, ba wanda zai kai ƙararka. Idan bayan wata shida sun ce su bugu na biyar suke so saboda shi abokansu ke yi, ka ba su, ba laifi.

Sai wata magana. A kwalin na tarar fitowa uku sun ɓata, kuma na tuna wanda ya ara da alkawarin mako ɗaya. Ka duba cikin kayanka. Ɗaya daga ciki bangonta ya yage ta kusurwa, akwai taswirar da ka zana da fensir a shafin ƙarshe, wadda muka ɓata a cikinta har sau biyu saboda ka manta ka sa matakala.

Ka gaida mai ɗakin da yara. Ka rubuto mini yadda zaman farko ya kaya, musamman wanda ya fara faɗawa rami.

Naka har kullum,
Amininka