Rahoton Kwamitin Gyaran Na'urar Koyon Tuƙin Jirgi

Assalamu alaikum. Malam Shugaba da sauran 'yan uwa, aikin da kuka ɗora mana na gano abin da ke ɗauke wuta a agogunan na'urarmu ya kammala.

Na'urar dai tana aiki ne da manhajar FlightGear, wadda ake saukewa kyauta, kuma jirgin da masu koyo suka fi ɗauka shi ne Cessna 172P. Kukan kowa ɗaya ne: a tashi lafiya lau, tafiya ta yi nisa sai rediyo ya yi tsit, allurar agogon mai ta kwanta. Wasu suka ce kwamfutar ce ta gaji, a sayo sabuwa. Kwamiti bai ga dalilin taɓa asusun ƙungiya ba tun ba a san ciwon ba.

Muka zauna muna kallon waɗanne agoguna ke mutuwa. Na gudu da na tsayi da na hawa da sauka ba sa ko gezau, domin da matsin iska suke aiki. Na daidaiton jirgi da na alƙibla su ma suna nan daram, famfon zuƙar iska na injin ne ke juya su. Rediyo da agogon mai da na shan kwana su kaɗai ke mutuwa, wato masu cin lantarki. Jirgin na gaske yana da batir mai bolt 24 da altaneta mai amfiya 60, wato janaretan da injin ke juyawa yana caza batir, kuma manhajar tana kwaikwayon wannan tsari har da ƙarewar caji. Ashe tun daga ƙasa jar fitilar ƙarancin wuta tana kunne, allurar caji ta karkata gefen ragi, ba wanda ke waiwayarsu.

Daga nan muka kwance allon makunnai na katako. Makunnin altaneta an haɗa wayoyinsa a juye zuwa Arduino, ƙaramin allon lantarki da ke kai saƙon makunnai ga kwamfuta: ka ɗaga shi sama, manhaja ta karanta a kashe. Jirgi sai ya yi ta shan batir har ya ƙare. An sauya wayoyin, an sake yi musu dalma. Rediyo na biyu kuma nasa ciwon daban ne, fayil ɗinsa yana neman wuta a wani suna da babu shi a jerin /systems/electrical/outputs, inda manhajar ke lissafa kayan da take ba wuta, aka gyara layin.

An yi gwajin doguwar tafiya, allurar caji ba ta sauka ba. Dalma da 'yar waya kawai aka saya, rasidi yana hannun ma'aji.

Shawararmu guda: a riƙa kashe altaneta da gangan a wasu darussa, mai koyo ya saba rage kayan wuta ya nemi filin sauka mafi kusa. Za a buɗe ɗakin ranar Asabar bayan La'asar, in sha Allah.

Sakataren Kwamiti