Godiya ta musamman ga gidan rediyon WFMT na Chikago, kan hirarrakin Studs Terkel

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku ma'aikatan WFMT, da abokan aikinku na gidan tarihin Chikago da kuma babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka.

Na rubuto ne in yi muku godiya a bainar jama'a, saboda aikin da kuka yi wallahi ba ƙarami ba ne. Studs Terkel ya shekara 45 yana hira da mutane a tasharku, tun 1952 har 1997, shirye-shirye sama da 5,600, akasari a kan tsofaffin faya-fayen nan na zare da ake naɗewa, kuma maimakon ku bar su a sito ƙura ta cinye sai kuka bi su ɗaya bayan ɗaya kuna mayar da su na kwamfuta, a 2018 kuka buɗe wa duniya rumbun a intanet, ba a biyan ko kwabo, datarka kawai. Allah ya saka da alheri.

Mu nan mutanen rediyo ne, da ita muka tashi, don haka kunnenmu ya san mai hira na gaske da wanda takarda kawai aka miƙa masa. Terkel dai yana karanta littafin kafin marubucin ya zo, kana ji ka san ya karanta, don sai ya janyo wani wuri daga tsakiya ya karanto wa mai littafin sannan ya yi shiru ya bar shi ya yi magana. Shirun nan nasa shi ya fi burge ni. Hirarsa ta 1961 da James Baldwin, marubuci baƙar fatar Amurka, da waƙar mawaƙiya Bessie Smith aka buɗe ta, ana gama ta Baldwin ya shiga ba da labarin zamansa a wani ƙauye kan duwatsun Suwizalan da fayafayenta, yana sauraronta don ya tuno yadda yake magana yana yaro, yadda baƙar fatar Amurka ke magana a gida. Kai! Baldwin ya rasu tun 1987 amma ga muryarsa nan a wayata, har inda yake jan numfashi kafin ya amsa.

Akwai Martin Luther King, akwai Muhammad Ali, akwai marubuciya Maya Angelou. Har Afirka ta Kudu Terkel ya je a 1963, lokacin da wariyar launin fata ke kan ganiyarta, ya naɗo muryar Albert Luthuli, shugaban ANC da gwamnati ta hana shi sakat duk da lambar Nobel ɗin da ya samu.

To sai batun besbol. Mu ƙwallon ƙafa muka sani, wannan wasa na jifa da bugu da sanda ba ya gabanmu ko kaɗan, amma hirar Terkel da Bill Veeck, wanda ya taɓa mallakar kulob ɗin White Sox na Chikago, ita ta sa na shiga bin tarihin wasan, sai na tarar ashe rabin labarin Amurka na nan ciki, kuɗi da talauci da launin fata. Veeck ɗin nan shi ya ɗauki ɗan wasa baƙar fata Larry Doby a kulob ɗinsa na Cleveland a 1947, ko wata uku ba a yi ba da Jackie Robinson, shi ma baƙar fata, ya fara buga wa Brooklyn Dodgers, kafin nan baƙaƙe nasu gasar daban suke yi komai gwanintarsu. Ga kuma badaƙalar 1919, da aka zargi 'yan wasan White Sox takwas da karɓar kuɗin 'yan caca su sayar da wasan ƙarshe, aka haramta musu wasa har abada. Duk wanda ya san rigimar sayar da wasa a ƙwallo zai gane zancen nan take.

Abin da ya ƙara min ganin girman rumbun, ba manya kaɗai ke ciki ba, akwai malaman makaranta da 'yan ƙwadago da talakawan da ba wanda ya san sunansu, kuma yadda Terkel yake girmama mai Nobel haka yake girmama su. Ya rasu a 2008 yana da shekara 96.

Gaskiya ina saurare raina yana sosuwa, don na san mu ma an yi hira da manyan marubutanmu da mawaƙa da malaman tarihi a rediyo shekara da shekaru, kuma kaset ba ya jure zafi da damina irin tamu. Ina fata masu gidajen rediyonmu su leƙa su ga yadda kuka tsara naku.

Roƙona ɗaya, dan Allah ku ci gaba da ɗora waɗanda suka rage, ku kuma ƙara yawan masu rubutaccen bayanin hirar a ƙasa, yana taimaka mana sosai idan Turancin ya yi sauri.

Naku,
wani mai sauraro daga Kano