Zuwa ga Abba, kan maganar aikin kantin nan

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, ya sanyin Kolumbus? Mu nan lafiya lau, sai hazo da ya rufe Kano tun makon jiya. Hajiya tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Tun daren Juma'ar da muka yi waya maganarka ba ta bar raina ba. Ban ce maka komai ba sai "to", domin na ji ranka a ɓace yake, kuma mai fushi ba ya jin kira. Shi ya sa na zauna na rubuta, ka karanta a tsanake in ka huce.

Ka ce an ɗauke ka daga wajen kayan lambu an mayar da kai layin abin sha, inda firjin giya suke jere. Ka ce masu sayen giyar ƙananan masana'antu sun ishe ka: mutum zai tsaya minti ashirin yana juya gwangwani yana leƙen gindinsa, ya tambaye ka yaushe aka kawo, ya tambaye ka ko akwai sabuwa a sito, ƙarshe ya ɗauki guda ɗaya tak. Ka kuma faɗa da bakinka cewa ka fara ɗaure musu fuska, wani ya yi maka magana ka yi kamar ba ka ji ba, har wata dattijuwa ta tambaye ka hanya ka nuna mata da haɓa. Wannan na ƙarshen shi ya hana ni barci.

Bari in fara da abin da ya fi nauyi. Ba na son zamanka a wannan layi. Tun kana Islamiyya ka san hadisin da ya la'anci giya, da mai shanta, da mai sayar da ita, da mai ɗaukarta, da wanda aka kai wa. Ba ni da wata fatawa da ta saɓa wa wannan. Ƙyamar da kake ji a zuciyarka alheri ce, kada ka bari ta mutu. Amma ka kai ta inda ya dace. Manaja ne ya ajiye ka a wurin. Mai saye bai san garinku ba, bai san addininka ba, ya shigo kanti a ƙasarsu, bisa dokarsu, da kuɗinsa a aljihu. In ka huce a kansa, ka bar jaki kana dukan taiki.

Saboda haka ka je wurin manajan, ka yi masa magana cikin ladabi, ka kuma rubuta a takarda. Dokar 'yancin jama'a ta Amurka ta 1964 ta wajabta wa mai ba da aiki ya yi ƙoƙarin sauƙaƙa wa ma'aikaci abin da ya shafi addininsa, muddin hakan ba zai jawo wa kamfanin wahala mai yawa ba. Babban kanti kamar naku mai sashe-sashe, sauya maka wuri ba wani abu ne mai wuya ba. Kada ka je hannu rabbana. Ka ce a ba ka aikin da kowa yake gudu, jera kaya da tsakar dare ko tattara kekunan tura kaya a cikin ƙanƙara, kai ka yarda. Ina tuna abin da ya faru da direbobin tasi, galibinsu 'yan Somaliya, a filin jirgin saman Miniyapolis. Sun riƙa ƙin ɗaukar fasinjan da ya riƙo kwalbar giya, ana barin mutum tsaye da kayansa a bakin titi. A 2007 hukumar filin ta sa dokar dakatar da duk direban da ya ƙi. Niyyarsu ban zarge ta ba, amma da fasinja suka yi rigimar, shi ya sa jama'ar gari ba su tsaya musu ba. In manajan ya ƙi, ka fara neman wani aikin tun ranar. Kuɗin hayar wata biyu ina da shi a ajiye, zan turo, kada wannan ya riƙe ka.

To, sauran kwanakin da za ka yi kafin a sauya ka fa? Nan ne maganata take. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Muddin rigarsu tana jikinka, albashinsu yana shiga asusunka, ba ka da ikon wulaƙanta wanda ya shigo ƙofar nan.

Mutanen da kake ƙorafi a kansu, na fi ka saninsu, ko da yake ban taɓa sayar musu da komai ba. Lokacin da nake karatu a Atens ta Ohayo a farkon shekarun 1980, abin da ke kantuna na manyan kamfanoni ne, iri kaɗan, kusan duk ɗaya. Haramcin da ƙasar ta yi wa giya daga 1920 zuwa 1933 ya kashe ƙananan masu yin ta da yawa, manya suka haɗiye saura, har ya zama a ƙarshen shekarun 1970 masana'antun ba su kai ɗari ba. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum ya dafa tasa a gida, daga nan masu gwaji a ɗakin girki suka fara buɗe 'yan ƙananan wurare. A 'yan shekarun nan sun haura dubu tara. Kowanne da irin haɗinsa na sha'ir da wani fure mai ɗaci da ƙamshi da suke zubawa. Ƙamshin furen nan gudu yake yi, musamman a irin da suke kira IPA, wadda masu shanta suke so kada ta wuce wata uku ko makamancin haka, kuma zafi yana saurin lalata ta. Ka ga ke nan mai leƙen gindin gwangwani ranar da aka ɗura yake nema. Ba don ya ɓata maka lokaci yake yi ba.

Ni da na ƙare rayuwata a Kantin Kwari, wannan hali ba baƙo ba ne a wurina. Mai sayen shadda da ya san kaya ba ya miƙa kuɗi haka kawai. Zai murza ta tsakanin yatsu, ya sunsuna, ya ce a kai masa bakin ƙofa ya ga launinta a rana, ya duba hatimin gefe ya tabbatar Getzner ce ba kwaikwayo ba. Irin wannan mutum yana gajiyar da yaron shago, amma shi ne abokin ciniki na gaske, domin ya san darajar abin da kake riƙe da shi.

Ina ɗan shekara goma sha biyar, a rumfar kakanka, Allah ya jiƙansa, wani mutum ya zo daga Agadas, da rawani har ido. Ya sa na sauke masa turmi ya fi goma sha biyar. Kowanne ya buɗe, ya shafa, ya ajiye. Da ya gama sai ya ce Allah ya ba da kasuwa, ya juya. Ni kuwa ina naɗe kayan sai na ja tsaki, ba da ƙarfi ba ma. Kakanka yana kan buzunsa yana lissafi, bai ɗago kai ba, ya ce, "Bi shi, ka ba shi haƙuri, ka ce ni na aiko ka." Na bi mutumin nan cikin cunkoso, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na dawo, kakanka ya ce mini wanda ya shigo rumfarka baƙonka ne, ko ya saya ko bai saya ba, kuma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mutumin bai sake dawowa ba, ban ma san ko ya ji tsakin ba. Amma daga ranar har na bar wa ƙanenka shagon ban ƙara yi wa abokin ciniki tsaki ba. Sunan kakan nan naka kake ɗauke da shi, Abba.

In sun tambaye ka wacce ta fi daɗi, ka faɗi gaskiya da sakin fuska: ba na sha, ban san ɗanɗanonta ba, bari in kira muku wanda ya sani. Kada ka yaba abin da kake ƙyama, kada kuma ka ƙirƙiro amsa don ka rabu da mutum. Wa'azi ma ba wurinsa ba ne nan. In wani ya tambayi dalili, kalma biyu ta isa: addinina ne. Za ka sha mamakin yadda da yawansu za su girmama hakan. Shi kuma abokin aikin da kake turawa wurinsa, ka rama masa. In motar kaya ta zo, ka riga shi ɗaukar kwalayen ruwa da lemo, kada ya ga ka mayar da shi bawanka.

Kada ka yi ha'inci ko da a kan abin da ba ka so. In mutum ya tambaye ka ko akwai sabuwa a sito, in akwai ka ce akwai, in babu ka ce babu, in ba ka sani ba ka je ka duba. Ƙarya ƙarya ce, ko a kan me aka yi ta.

Akwai kuma abin da ka ambata na irin da ake kawowa 'yar kaɗan sau ɗaya a shekara, mutane su yi layi tun asuba, kanti ya ƙayyade wa kowa guda nawa zai ɗauka. Mu ma mun san wannan, in sabon yayi ya shigo gab da Sallah. Nan ne za a matso kusa da kai a rage murya, a ce ka ɓoye kwali ɗaya a baya, a danƙa maka na goro. Kada hannunka ya taɓa kuɗin nan. Wanda ya tsaya a sanyi tun ƙarfe biyar yana da haƙƙi a kanka, kuma ranar da ka karɓa daga mutum ɗaya, ka zama yaronsa.

Maganar katin shaida kuwa babu sassauci. A 1984 Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar da ta matsa wa jihohi da barazanar rage musu kuɗin gina hanya, zuwa 1988 kuwa shekara 21 ta zama mafi ƙarancin shekarun sayen giya a faɗin ƙasar. Hukuma takan turo matasa da gangan su gwada kantuna, kuma wanda ya sayar shi ma ana kama shi, ba mai kanti kaɗai ba. Don haka ka tambayi kowa yadda tsarin kantinku ya ce, da murya ɗaya, fari ko baƙi, mai kwat ko mai kayan leburanci. Abin da ke ɓata wa mutane rai shi ne su ga an tambaye su an bar wani. Mai furfurar nan da ka ce ya yi maka tsawa don ka nemi katinsa, da ka ce masa doka ce ta hau kanmu duka, ka yi haƙuri, da wataƙila maganar ta tsaya nan. Wanda kuma ya shigo yana tangaɗi, dokar Ohayo ta hana a sayar masa. Ka kira manaja, ku hana shi a hankali, ba tare da tara masa jama'a ba. Mota zai shiga, kuma 'ya'yan mutane suna kan hanya. A wannan wuri aƙalla, hanawar da za ka yi alheri ce tsantsa.

Ban ce duk laifin naka ne ba. Mai saye ma akwai ladabin da ke kansa. Wanda zai kira ka da fito ko ƙyasta yatsa, wanda zai ciro gwangwani mai sanyi ya yar a kan kantar biskit, wanda zai farke ƙunshin shida ya zare ɗaya ba tare da tambaya ba, wanda zai shigo saura minti biyu a rufe ya ce a bi da shi firji bayan firji, duk ba su kyauta ba, kuma ina jin zafin hakan a madadinka. Ka gyara abin da ya ɓata, ka faɗa masa tsarin kantin sau ɗaya cikin natsuwa. Amma in wani ya taɓa launin fatarka, ko sunanka, ko addininka, kada ka haɗiye, kada kuma ka rama. Ka ja baya, ka kira manaja, ka rubuta rana da lokaci da abin da aka faɗa. Ban haife ka don a taka ka ba.

Sai ka tuna da wannan duka ranar da kai ne mai saye. In ka je mahautar halal ko shagon kayan Afirka, ka yi sallama kafin ka tambayi farashi, kada ka tsaya kana waya mutum yana jiranka da wuƙa a hannu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi addu'ar rahama ga mai sauƙin hali in ya sayar, da in ya saya, da in ya je karɓar bashi. Yanzu da ka ɗanɗani tsayuwar awa takwas, ka fi kowa sanin abin da yaron shago yake ji.

Dattijuwar nan kuma, in Allah ya sa ta sake shigowa ka gane ta, ka je ka gaishe ta, ka ce rannan ban kyauta miki ba. Ko ta manta, kai ka faɗa.

Ranar Litinin ka ga manajan. Da ka fito ka kira ni, ko ƙarfe nawa ne a nan, wayar tana gefen gadona. Hajiya ta haɗa maka kuka da daddawa da yaji, za ta ba wanda zai taho ƙarshen wata. Ta ce kuma ka sayi safar hannu mai kauri tun kafin a mayar da kai aikin waje.

Allah ya yi maka albarka, ya musanya maka da mafi alheri.

Mahaifinka.