Wasiƙa: Yadda ake fara koyon kaɗa bauran, bandirin mutanen Ayalan

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida tamu mai farin jini, mu yi bayani a kan wani abin kiɗa na ƙasar Ayalan da mai bibiyar kaɗe-kaɗen duniya a intanet zai iya cin karo da shi. A rubuce sunansa bodhrán, a baki kuma ana furta shi kamar "bauran". Duk wanda ya san bandirin da 'yan Ƙadiriyya ke bugawa a Kano zai gane siffarsa da gani ɗaya: katako ne zagayayye, an rufe masa fuska ɗaya da fatar akuya, ɗaya fuskar a buɗe. Sai dai kamannin a siffa ya tsaya. Yadda ake riƙe shi da yadda ake kaɗa shi daban ne, kuma wanda ya zo masa da hannun ganga ko na bandiri zai sha wahala kafin ya gane inda ya kuskure.

Ana kyautata zaton asalinsa wani irin faifai ne na fata da manoman Ayalan ke sheƙar hatsi da shi. An fi jin amonsa a da ranar 26 ga Disamba, lokacin da samari ke yin shigar ciyawa suna bi gida-gida da kiɗa da rawa. A farkon shekarun 1960 ne Seán Ó Riada, wani masanin kiɗa ɗan Ayalan, ya hau da shi dandamali cikin ƙungiyarsa ta Ceoltóirí Chualann, da Peadar Mercier a matsayin makaɗi, wanda daga baya ya kaɗa wa ƙungiyar The Chieftains. Daga nan ya samu wurin zama a tsakanin goge da sarewa, kuma matsayin nan ne ya kamata mai koyo ya fara fahimta. Mu a nan mun saba cewa in kiɗa ya canza rawa ta canza, wato ganga ce ke jan ragama. A kiɗan gargajiyar Ayalan, goge da sarewa da akodiyan ne ke ɗauke da karin, shi bauran rakiya yake yi. Mai kaɗa shi yana bin sawun karin ne, yana fito da gaɓoɓinsa, ba ya shiga gabansa.

Wajen saye, faɗin fuskar da ya fi dacewa da mai koyo shi ne santimita 35 zuwa 40, zurfin katakon kuma kamar 12 zuwa 15. Mai faɗin 45 shi ne na da, amonsa na da girma amma yana da wuyar sarrafawa ga sabon hannu. A guji waɗanda aka yi wa zane a fata don masu yawon buɗe ido. Galibi fatarsu kauri gare ta da tauri, ado ne na bango. A nemi wanda ake iya ɗaure fatarsa ko sassauta ta, wato mai ƙananan ƙusoshi masu murɗi a cikin katakon, yawanci 6 zuwa 8. Sandar kiɗan, wadda 'yan Ayalan ke kira cipín, miƙaƙƙiya ce, ba ta da lanƙwasa irin ta ganga. Tsawonta kamar santimita 20 zuwa 25, kuma ta mai koyo ta zama mai ɗan kai a kowane gefe, ba mai nauyi ba.

A zauna a kujera marar hannu, ƙafafu biyu a ƙasa, baya a miƙe. Mai amfani da dama ya tsayar da bauran a kan cinyarsa ta hagu, a tsaye bisa gefen katakonsa, fatar tana kallon dama. A jawo shi ya jingina da haƙarƙari, dantsen hagu ya ɗan danne saman katakon. Cinya da haƙarƙari da dantse su ne ke riƙe da shi, tafin hagu kuwa yana ciki, kwance a bayan fata, aikinsa daban. Bahago sai ya juya komai. Kuskuren farko da ake yi shi ne damƙe sandar da wasu ke gittawa a cikin katakon, a ɗaga shi sama kamar garkuwa. Haka aka riƙa riƙe shi a da saboda a tsaye ake tafiya da shi, amma a zaune yin haka na barin fatar a sake tana gurnani ba kan gado, kuma gangar na jujjuyawa, sanda ta riƙa kuskure wuri.

Yanzu ga inda aikin yake. A riƙe sandar kamar yadda ake riƙe alƙalami, tsakanin babban yatsa da manuni, tana kwance a kan yatsan tsakiya, a daidai tsakiyarta ko ɗan sama kaɗan. Sai a lanƙwaso wuyan hannu ciki har bakin alƙalamin, wato kan sandar na ƙasa, ya kalli cikin mai kaɗawa. Daga nan motsin duka murɗawar dantse ne, kamar mutum ya wanke hannu yana yarfe ruwan. In an yarfa ƙasa, kan sandar ya shafi fata yana wucewa: bugun ƙasa ke nan. In hannu ya dawo, wannan kan dai ya sake shafar fatar a hanyarsa ta komawa: bugun sama ke nan. Mun ce shafa da gangan. Sanda ba ta faɗa wa fatar kai tsaye kamar guduma, gefe-gefe take bi ta wuce, kuma duka bugun biyu su sauka wuri guda, ɗan ƙasa da tsakiyar fatar. Gwiwar hannu tana kusa da jiki, kafaɗa ba ta da aiki ko kaɗan.

Bugun ƙasa ba ya ba kowa wahala, nauyin hannu ne ke yin sa. Bugun sama ne ke tona asirin mai koyo. Ko dai ya fito siriri kamar ba a yi ba, ko sanda ta wuce ba ta taɓa fatar ba sam, ko kuma ta cije a fatar ta tsaya. Biyun farko na faruwa ne saboda bayan bugun ƙasa hannu yana janyewa nesa da fata ba tare da mai shi ya sani ba, sai sanda ta dawo ta iska. Maganinsa a matso da hannu kusa, a rage faɗin yarfin, a kuma tabbata fatar na tsaye sosai ba ta karkata ba. Cijewar kuwa daga matse sanda ne. Yatsu in sun ƙanƙame ta, ba ta da damar dawowa da kanta bayan ta taɓa fata. Riƙon da ake so shi ne wanda in wani ya fizgi sandar za ta fita cikin sauƙi. Za ta riƙa suɓucewa tana faɗuwa a makon farko, kuma wannan ya fi matsewa alheri nesa ba kusa ba. Wasu kan naɗa ɗan roba a wurin riƙon don kada gumi ya sa ta zame.

Shawararmu ita ce a yi mako biyu ba a yin komai sai ƙasa-sama, ƙasa-sama, har mai sauraro daga wani ɗaki ya kasa bambanta su. Minti 10 zuwa 15 kullum ya fi awa biyu ranar Lahadi. A saukar da manhajar ƙidayar bugu a waya, a sa ta a 60 a minti, a yi bugu biyu a kowane ƙyas, sa'annan huɗu. Kada a ƙara sauri sai an yi minti guda cur ba tuntuɓe, kuma ƙarin kada ya wuce 5. Da zarar an ji zafi a wuyan hannu ko tauri a kafaɗa, a tsaya. Ciwon alama ce ta cewa ana tura sandar da ƙarfi maimakon a bar ta ta yi lilo.

Kari biyu ne suka mamaye kiɗan Ayalan, ril da jig. Ril yana tafiya huɗu-huɗu, bugu takwas a kowace gaɓa, wato ɗan yankin da ake ƙidaya kari da shi, kuma ya dace da hannu: ƙasa-sama-ƙasa-sama, a ɗan nauyaya na farkon kowane huɗu, wanda kullum bugun ƙasa ne. Tunda makaɗanmu da baki suke fara koyon kiɗa, mai koyo na iya furta "ta-fi-gi-da, ta-fi-gi-da" yana danna "ta". Jig kuwa uku-uku ne, bugu shida a gaɓa, kamar "Ka-tsi-na, Ka-tsi-na". A nan ne ake yin gumi. In hannu ya ci gaba da ƙasa-sama ba yankewa, "Ka" ta farko za ta faɗo a bugun ƙasa, ta biyu kuma a bugun sama, wato nauyi ya sauka a kan bugun da ya fi rauni. Shi ya sa muka nace a kan gyara bugun sama tun farko. Wanda bai gyara shi ba, jig ɗinsa zai riƙa ɗingishi, ko ma ya rikiɗe ya koma huɗu-huɗu bai sani ba. Akwai wata hanya, ƙasa-sama-ƙasa, ƙasa-sama-ƙasa, inda nauyin biyu ke sauka ƙasa, amma tana buƙatar hannu ya dawo sama a guje ba tare da ya taɓa fata ba. Duka biyun ana amfani da su. A ganinmu a fara da ta farko, domin ita ce ke gina hannu.

Sauran kare-karen, irin su folka mai biyu-biyu da ake ji sosai a yankin Keri na ƙasar Ayalan, da jig mai tara, za su zo da sauƙi in waɗannan biyun sun zauna.

Kan sandar na sama fa? A salon da ake dangantawa da Keri, shi ke ba da wannan gurgurar da ke burge mai kallo. Bayan bugun ƙasa, in an ɗan kwantar da sandar ta kusa daidaita da fuskar fata, kan na sama zai taɓa fatar da kansa kafin bugun sama ya zo, sai a sami uku a gurbin biyu. Ba a neman sa da ƙarfi, karkatar sanda ce ke kawo shi. Matsalar ita ce da yawa suna samun sa bisa kuskure tun ranar farko, ya yi musu daɗi, su kasa kashe shi, kiɗansu ya zama gurgura daga farko har ƙarshe. Sai mutum ya iya hana shi fitowa sa'annan za a ce ya iya shi. Akwai kuma salon da kai ɗaya kawai ake amfani da shi, da na zamani da ake riƙe siririyar sanda ta can sama, wanda John Joe Kelly ya yi fice a kai. Mai koyo ya bar waɗannan tukuna.

Hannun hagu zai fi yi wa mai karatu Bahaushe sauƙin fahimta, domin aikin da hammata ke yi wa tsarkiyar kalangu shi tafin hagu ke yi wa fatar bauran. In tafi ya ɗaga, yatsu kawai na taɓa saman fatar, amo zai yi zurfi. In aka kwantar da gefen tafi aka danna, aka kuma zamo da shi kusa da inda sanda ke sauka, fatar da ke rawa ta ragu kuma ta ƙara ɗaurewa, sai amo ya hau sama. Johnny McDonagh na ƙungiyar De Dannan na cikin waɗanda suka fito da wannan fasaha a shekarun 1970. A fara da murya biyu kacal, buɗaɗɗiya da danniya: gaɓa huɗu a buɗe, gaɓa huɗu a danne. Kada tafi ya zauna daidai bayan wurin bugu, domin amon zai mutu, ƙashin hannu kuma ya sha duka. Za a lura da zarar hagu ya motsa, dama na son rikicewa. A rage sauri har su rabu.

Fatar akuya tana shan iska, kuma wanda zai ajiye wannan ganga a ƙasar Hausa ya san an yi ta ne don ƙasa mai yawan ruwa da laima. Da hunturu fatar za ta ɗaure tamau, amonta ya koma kamar na gwangwani, har tana iya tsagewa ta wajen ƙusoshi. A sassauta murɗin, ko a jiƙa tafi da ruwa kaɗan a shafa ta ciki, a jira minti biyar kafin a ƙara. Da damina kuma za ta saki ta yi laɓo-laɓo. A ɗaure ta kwata-kwatan juyi a kowane murɗi, ana tsallakawa daga wannan zuwa na daura da shi don kada gefe guda ya fi ja. In ba mai murɗi ba ce, a goga tafi a kanta da sauri har ta ɗumama. Kada a kanga ta a bakin wuta, kada a bar ta cikin mota a rana. Masu kaɗawa da yawa kan zagaye bakin fatar da baƙin tef irin na masu gyaran lantarki, faɗin yatsa biyu, don ya kashe ƙarar da ke biyo bayan bugu.

Abin da ya rage na kunne ne. Yawancin kare-karen nan kashi biyu ne, kowane kashi gaɓa 8, ana maimaita kowanne sau biyu, jimla 32, sa'annan a sake zagayowa sau biyu ko uku kafin a faɗa wani karin ba tsayawa. Mai koyo ya saurari kari ɗaya har ya iya rera shi da baki kafin ya ɗauki sanda, don ya san inda kashi ke ƙarewa da inda mai sarewa ke shan numfashi. Fayafayan gasar kiɗan gargajiya ta Fleadh Cheoil, wadda ƙungiyar Comhaltas Ceoltóirí Éireann da aka kafa a 1951 ke shiryawa duk shekara, suna da yawa a intanet, haka ma na makarantar koyon bauran ta Craiceann da ake yi a tsibirin Inis Oírr a watan Yuni. A zaman kiɗa irin nasu, ladabin shi ne bauran ɗaya ke kaɗawa a lokaci guda, sauran su jira. Ba a sa shi a irin karin da ake ja a hankali, wanda ba shi da ƙidayar bugu. In kuma mai kaɗawa ya daina jin sarewar da ke gefensa, to ya rage hannu har ta dawo masa a kunne.

Mun gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu nazarin kayan kiɗan fata