Rigimar albarushin Williamsburg da ba a cika faɗa mana ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili. Tunda aka fara maganar cikar Amurka shekara 250 da samun 'yanci kullum labarin ɗaya ne, haraji da ganyen shayin da aka zubar a ruwa a Boston, ba mai taɓo rigimar rumbun albarushi na garin Williamsburg a Virginia, alhali a nan ne mutum zai ga halin masu neman 'yancin nan ƙarara.

A daren 20 ga Afrilu 1775 gwamnan da Ingila ta naɗa, Lord Dunmore, ya turo sojan ruwa ƙarƙashin Laftanar Henry Collins suka lallaɓo cikin duhu suka kwashe ƙananan ganguna 15 na albarushi suka kai jirgin yaƙi Magdalen. Nan da nan gari ya ɗauka, mutane suka fito da bindigogi, sai da Peyton Randolph kakakin majalisa ya yi ta ba da baki kafin aka yarda a je a yi magana da gwamna.

To a nan fa ake yinta. Dattawan gari suka ce albarushin na jama'ar Virginia ne ba na sarki ba, kuma a maido shi maza don ana raɗe-raɗin bayi za su yi bore. Gogan naka ya ce ai saboda wannan raɗe-raɗin ne ma ya ɗauke, wai in ta taso cikin rabin awa zai dawo da shi. Kowanne ɓangare da bayi yake kafa hujja, 'yan Afirka da jikokinsu da ke musu noman taba, su da ko a wajen zaman ba su. Washegari da ran gwamna ya ɓaci ya fito a mutum, ya ce in aka taɓa shi ko jami'ansa zai 'yanta bayi ya mai da garin toka, don ya san abin da ke hana su barci kenan.

Patrick Henry, mai jawabin nan na ko 'yanci ko mutuwa, wanda shi kansa yana da bayi, ya taso da 'yan sa-kai daga Hanover ya nufo gari. Carter Braxton, wani ɗan majalisar Virginia, ne ya shiga tsakani ya karɓo takardar fam 330 daga surukinsa Richard Corbin mai karɓar kuɗin sarki, ranar 4 ga Mayu aka ba Henry a matsayin kuɗin albarushin ya juya gida. Albarushi dai bai dawo ba, kuma kwana biyu da hakan Dunmore ya yi shela ya hana kowa taimaka wa Henry. Wannan kuma sulhu ne? Ranar 8 ga Yuni gwamnan da kansa ya gudu jirgin yaƙi Fowey.

Kar kuma a ɗauka Dunmore mutumin kirki ne, shi ma mai bayi ne, kuma shelar 'yanta bayi da ya yi a Nuwamba 1775 bayin masu yi wa Ingila tawaye kawai ta shafa, su ma sai masu iya ɗaukar makami su bi shi. Ɗaruruwa sun gudo, ya haɗa su runduna ya kira ta Ethiopian Regiment, cutar agana ta kashe da yawansu a 1776. Duk wanda zai rubuto mana tarihin 'yancin Amurka a wannan jarida don Allah ya haɗa da waɗannan mutanen.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya