A taimaka a kai yaran birni gona

Malam Edita, barka da aiki. Dan Allah ka ba ni ɗan fili in yi kira ga gwamnatoci da ƙungiyoyin da ke ba makarantu tallafin kuɗi. Kwanaki na tambayi ɗiyata mai shekara 8 daga ina madara take fitowa, budar bakinta sai ta ce daga gwangwani, wallahi abin ya tsaya min a rai. Kuma ba laifinta ba ne, yarinyar da ba ta taɓa ganin ana tatsar saniya ba me za ta ce? Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fiye da rabin mutanen duniya a birane suke yanzu, to irinta fa suna da yawa.

Malamai suna so su kai yara gona amma kuɗin mota ke kayar da su, ga manomin da zai bar aikinsa ya yi musu bayani shi ma ai sai an sallame shi. Kuma ziyarar yini ɗaya ba ta isa ba gaskiya, a ba da tallafin da zai kai zango guda, yaro ya shuka iri da hannunsa ya dawo ya ga ya tsiro, ya ƙirga kwana 21 har kaza ta ƙyanƙyashe ƙwai.

Naka,
Wani uba mai karanta jaridarku