Zuwa ga Alhaji mai sitidiyo: ga inda na shiga wata uku

Assalamu alaikum, Baba Alhaji.

Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga abokin mahaifinsa. Da a zaurenka ka kira ni ka yi mini tambayoyin nan, da na zo na tuɓe takalmi na durƙusa na ba ka amsa, magana ta mutu a nan. Amma a gidan rediyo ka yi su, daren Lahadi, duk Ngaundere na saurare, har mahaifiyata da ke tankaɗe a tsakar gida ta ji an ambaci sunana. Shi ya sa amsar ma dole ta fito fili.

Ka tambayi wanda ya koya wa ɗan makaranta kiɗa har yake yanke wa mawaƙa hukunci. Ka tambaya ko mahaifina ya san abin da nake yi da kuɗin karatun da yake biya. Daga nan ka ce me ya rufe mini baki tun daga Janairu har ƙarshen Maris na 2025, lokacin da kundin mawaƙin nan na Garwa ya fito, amma yaronka na sakin nasa cikin Afrilu sai ga ni da sharhi. Ka rufe da cewa, "Nawa aka ba shi?" Wannan ta ƙarshen ita ta hana ni barci.

Baba, ko dala ba wanda ya ba ni. Ban taɓa ganin mawaƙin Garwa ido da ido ba, ba ni da lambarsa. Ga inda na shiga.

Ina shekara ta uku a sashen tattalin arziki na jami'ar Ngaundere, can Dang, wajen kilomita 15 daga gari. Janairu da Fabrairu jarrabawar zangon farko ce ta riƙe ni, kuma na shige ta ɗauke da bashin darasi guda tun na shekarar da ta gabata. Ka san abin da ya jawo mini bashin? Sharhin nan dai. Ana saura kwana huɗu jarrabawa ina zaune da abin sauraro a kunne ina rubuta baitocin wani, na shiga aji kai ba komai, na faɗi. Ranar da na gaya wa mahaifina bai yi faɗa ba. Lissafi kawai ya yi mini: sefa 50,000 na rajista kowace shekara, ga kuɗin ɗaki a Dang, ga na mota, duk daga yadin da yake aunawa kamu-kamu suke fita. A ranar na yi masa alkawarin in jarrabawa ta matso zan ajiye alƙalami. Taura biyu ba ta taunuwa, na gwada na gani.

Ina fita daga jarrabawa azumi ya kama a farkon Maris. Kai shaida ne kan yadda rumfarmu ta ƙaramar kasuwa take a watan azumi, domin a nan kake yankar shaddar Sallarka. Ni ne babba a gida, gwiwar tsoho ba ta barinsa ya daɗe a tsaye. In na taso daga aji sai in kama mota zuwa gari, in tsaya kan atamfa da shadda da rigimar teloli har bayan tarawihi. Kuma ni a azumi ba na sauraren waƙa, tun ina yaro haka aka tashe mu. Wata ukun da ka ce an saya ke nan. Littafin rumfa yana nan da rubutun hannuna a kowace rana, takardar sakamakona ma tana nan.

Wataƙila kana ganin sharhi abu ne na zama guda. Kundi mai waƙa takwas yana cin mini mako biyu. Kowace waƙa sai na ji ta a kunne ni kaɗai, sannan in je in ji ta a lasifikar mai shayi, tunda a nan jama'a ke jin ta. Sai in rubuta baitocin da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Da Faransanci aka karantar da mu, ba malamin da ya taɓa nuna mini yadda ake rubuta ƙ da ɗ da ɓ, ni na bi na koya wa kaina. In kalma ta shige mini duhu sai in kai wa kakata a Sabongari ta warware mini. Kuɗin intanet daga aljihuna yake fita. In bazara ta yi, ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, wuta ta yi wuya, da fitilar waya nake rubutu. Waƙar da ban yi mata wannan hidimar ba, ba na cewa uffan a kanta, ko ta wane ce. Kundin Garwa ya fito ba ni da mako biyun ba shi, na yaronka ya fito ina da su. Iyakar bambancin ke nan.

Tunda maganar kuɗi ka ɗauko, sau ɗaya tak aka taɓa aiko mini da ambulan, kuma ba daga Garwa ta taso ba. Cikin Afrilu ne, kwana biyu kafin sharhin ya fita. Ban buɗe ta ba, na mayar wa ɗan aiken. Saboda zumuncin da ke tsakaninka da mahaifina zan tsaya nan. Abin da ya ƙara mini ciwo shi ne, bara da na yabi waƙar ɗaya yaron naka, a wannan gidan rediyon ka sa aka karanta sharhina daga farko har ƙarshe, ka ce Allah ya ba garin nan masani. A ranar ba ka nemi sanin wanda ya koya mini kiɗa ba.

Me ma na ce game da yaron? Na ce Allah ya ba shi murya, na'urar gyaran murya ta danne ta har ba a jin numfashinsa. Na ce kalangun da aka ciro daga fiyano ba ya magana. Kalangu na gaske makaɗi ke matse igiyoyinsa a hammata yana sassautawa, sautin ya hau ya sauka yadda Hausa ke hawa da sauka, shi ya sa wanda ya saurari Shata, Allah ya ji ƙansa, yake jin kalangai suna faɗin abin da bakinsa ya faɗa. Na fiyano sauti ɗaya yake maimaitawa daga farko har ƙarshe. Na kuma ce a waƙa ta uku, don ya cike kiɗa, ya ja wasali har garinmu na zama ya koma garin tuwo. Wannan ko kakata ta ji shi. A ƙarshe na ce gindin waƙa ta biyar ya fi duk abin da na ji a garin nan cikin shekarar, kuma ina nan kan bakana. Wannan ba ka karanta wa masu sauraro ba.

Wanda ya koya mini kuwa, kunnena ne da unguwarmu. Kusa da mahauta na tashi, kalangu ke tashe mu ranar yanka, ga algaita da kakaki a ƙofar fadar Lamiɗo duk Sallah. Mai cin tuwo ba sai ya iya tuƙi ba kafin ya san an yi gudaji. Mahaifina kuma ya sani sarai. Sharaɗi biyu ya gindaya mini, kada in sake faɗuwa, kada in yi wa kowa ƙarya.

Abin da ke ci mini rai ya wuce ni da kai. A Duwala akwai masu rubutu kan makosa, a Yawunde akwai masu rubutu kan bikutsi. Mawaƙan Kano suna da masu nazarinsu har a jami'o'i. Namu na Ngaundere da Garwa da Marwa fa? 'Yan kudu sun ɗauke su baƙi, 'yan Kano sun ɗauke su masu kwaikwayo. Yaro zai ci bashi ya shiga sitidiyo, waƙa na fita masu turi su zuba ta a katin waya su karɓi 'yan canjinsu, shi ko sisi ba ya gani. Abin da ya rage masa liƙin gidan biki ne, don haka sai ya koma wasa amarya da kawun ango, baiwarsa ta tsaya nan. Ku da kuka riƙe sitidiyo kun fi kowa sanin haka, kuma ban ji an kai wannan rediyo ba. A garin nan duk wanda ya buɗe baki kan waƙa, ko dai a kira shi maroƙi ko a kira shi maƙiyi. Ni ba na roƙo, ba na kuma gaba da kowa. So nake yaranmu su samu wanda zai saurare su tsakani da Allah ya gaya musu inda suka yi kyau da inda suka karkace, tun kafin wani na waje ya yi musu dariya.

Yaronka da kansa ya tare ni a tashar Dang makon jiya, ya tambaye ni ko zan saurari sabuwar waƙar da yake so ya rera da makaɗin kalangu na gaske. Na ce masa sai bayan jarrabawar zango na biyu. Kundin Garwa kuma na fara rubuta baitocinsa, ina kan waƙa ta huɗu, kuma akwai abin da zan faɗa wanda ba zai yi wa mai shi daɗi ba.

Ranar Juma'a in an sauko masallaci zan biyo in gaishe ka kamar yadda na saba, da littafin rumfar a hannuna. Abin da nake roƙo, kalmar nan ta "nawa aka ba shi" ka janye ta a inda ka faɗe ta, domin mahaifiyata ta ji.

Wassalam.

Ɗanka, daga Dang.